A Rubuta Bori Kafin Masu Garaya Su Ƙare

A Birnin Kudu, kudu da Dutse, akwai duwatsun da gwamnatin tarayya ta sa cikin jerin wuraren tarihin ƙasa, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu. A jikinsu akwai zanen shanu marasa tozo, aikin wasu mutane da suka riga mu zama a wurin, kuma a tsakaninsu akwai duwatsun da ke amo kamar ƙararrawa in an ƙwanƙwasa su. Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos, shi ya bayyana su ga duniya a tsakiyar shekarun 1950, ya kuma ambaci cewa kiɗan duwatsun yana da alaƙa da al'adun aure na mutanen garin. Dutsen yana nan, doka tana kare shi. Amma kiɗan da ake yi a kansa, da waƙar da ke tafiya da kiɗan, da irin takun da 'yan mata ke yi, ba su shiga kowane jeri ba, domin dokar da muka gada ta fi sanin abin da ake taɓawa da hannu. Abin da ya sami kiɗan dutse shi ke shirin samun wani abu da ya fi shi girma nesa ba kusa ba, wato kiɗa da rawa da kirarin bori. Ra'ayina shi ne gwamnatin Jigawa da jami'o'in da ke jihar su tashi su tattara wannan ilmi, su naɗe shi, su rubuta shi, su ajiye, tun masu shi suna da rai. Ban ce a farfaɗo da bori ba, ban kuma ce a kai shi filin taro a yi wa manyan baƙi wasa da shi ba. Waɗannan abubuwa uku sun sha bamban, kuma cuɗa su da ake yi shi ya hana a yi maganar cikin natsuwa.

Ƙasar Japan ce ta fi kowa nisa a wannan fanni, don haka ya kamata a dubi yadda ta yi. Suna da wata rawa ta addininsu na gargajiya, Shinto, mai suna kagura, wadda ake yi da ganga da sarewa da fuskokin katako don girmama abubuwan bautarsu. Kusan kowane yanki yana da tasa. A Takachiho da ke lardin Miyazaki, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙauyuka kan kwana suna rawa iri 33 a gida ɗaya har gari ya waye. A shekarar 1950 Japan ta yi dokar kare kayan al'adu, sannan a 1975 ta gyara ta don a riƙa yi wa irin waɗannan raye-raye na karkara rajista da sunan ƙasa. Kagurar Hayachine ta lardin Iwate tana cikin rukunin farko a 1976, ta kuma shiga jerin hukumar UNESCO a 2009. Abin lura shi ne ba ma'aikatan gwamnati ke yin rawar ba. Ƙungiyoyin mutanen ƙauyen ne ke riƙe da ita, gwamnati kuwa nata shi ne tallafi da rajista da ɗaukar hoto da sauti. Kafin dokar ma, akwai masana irin su Honda Yasuji da suka yi shekaru da dama suna bin ƙauyuka suna rubuta kowane taku da kowane baiti. Da ba su yi haka ba, da dokar ta zo ta tarar babu abin da za ta kare a wurare da yawa.

Mai karatu zai ce ina ruwan Bahaushen Kiyawa ko Jahun da mutanen Japan, su da har yanzu suke zuwa wuraren bautarsu na da, mu kuwa mun bar namu da gangan, don mun sami abin da ya fi shi. Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ce dalilin da ya sa ba za a kwafo tsarinsu ɗungurungum ba. Ba za a sa ran gwamnatin jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000 ta riƙa ba da kuɗin girka, wato shigar da mutum bori, ko sayen baƙin bunsuru ba, kuma bai kamata ta yi ba. Sai dai tarihin Japan ɗin yana da wani ɓangare da ba a cika faɗa ba. A 1873 gwamnatin zamanin Meiji ta haramta wa masu hawan iska yin duba da faɗin gaibu, domin tana ganin abin kunya ne ga ƙasar da ke son a ɗauke ta a matsayin wayayya. A yankin Iwami rawar ta fita daga hannun masu kula da wuraren bauta ta koma hannun manoma da masunta, suka ƙara mata sauri da ado har ta zama abin kallo, aka kai ta bajekolin duniya na Osaka a 1970. A cikin tsaunukan lardin Shimane kuwa wasu 'yan ƙauyuka suka riƙe tsohon salon, wanda ake kira Omoto, har da hawan iskar, kuma gwamnatin da kakanninta suka haramta shi ita ce ta yi masa rajista a 1979. Ke nan su ma sun ratsa zamanin ƙyama da hani. Bambancinmu da su shi ne sun rubuta abin tun kafin su gama yanke shawarar yadda za su yi da shi.

To me ke cikin bori da ya cancanci wannan wahala? Wanda bai san shi ba yana zaton tsalle ne kawai da faɗuwa da zaune, abin da masu abin ke kira jifa. Amma a bayan jifar akwai tsari mai faɗi. Masu bori suna cewa iskoki suna zaune a wani birni mai suna Jangare, ƙarƙashin Sarki Sulaiman, an kasa su zaure goma sha biyu, da sarakuna da fadawa da malamai da makaɗa da mahauta da kutare da Fulani da arna. Kowane iska yana da takensa a garaya ko goge, yana da kirarinsa, da tufafinsa, da irin tafiyarsa. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai kyauta da caca, wanda ba ya riƙe kuɗi. Malam Alhaji tsoho ne mai tari da carbi. Barhaza Bafulatana ce mai nono. Sarkin Rafi mahaukaci ne, Kuturu kuwa da dungu yake karɓar sadaka yana korar ƙuda. Wanda ya dubi wannan jeri da idon tarihi zai ga ƙasar Hausa ce ta zana kanta, da sarautarta da sana'o'inta da maƙwabtanta da cututtukan da take tsoro, kuma talakawa da mata ne suka yi zanen, mutanen da marubutan fada ba su damu da ra'ayinsu ba. Har zuwan Turawa ya shiga ciki: a Nijar, wajen 1925, aka sami sababbin iskoki masu kama da sojoji da kwamandojin Faransa, waɗanda Hausawan can ke kira Babule. Ga kuma harshen kirarin, cike da tsofaffin kalmomi da sunayen itatuwa da garuruwa da ba a jin su a Hausar rediyo. Makaɗin garaya ɗaya da ya gaji abin yana iya riƙe take da kirari masu yawan gaske a ka, kuma ranar da aka binne shi an binne su.

Babbar hujjar masu adawa ta addini ce, kuma ba abin rainawa ba ce. Neman taimakon iskoki da yi musu yanka shirka ne, babu malamin kirki da zai ce ba haka ba, kuma yaƙi da irin wannan yana cikin abin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa suka tashi a kai. Amma tambayar da ke gabanmu ita ce ko rubuta abu daidai yake da aikata shi, kuma malaman Musulunci sun daɗe da amsa ta a aikace. Hisham ibn al-Kalbi, wanda ya rayu a ƙarni na biyu bayan hijira, ya rubuta littafi sukutum a kan gumakan Larabawa, Kitabul Asnam, da sunayensu da wuraren da suke da yadda ake bauta musu. Al-Biruni ya koyi harshen Indiyawa ya rubuta addininsu dalla-dalla wajen shekarar 1030. A zaurukan malamanmu na nan gida, almajirin da ya yi nisa yana karanta waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi da sauran mawaƙan jahiliyya, da giyarsu da alfaharinsu, don ya ƙware a Larabci, ba a kuma taɓa cewa ya bar addini ba. Shehu da kansa, a cikin Nurul Albab, ya bayyana ayyukan masu yanka ga itatuwa da duwatsu, kuma ta nan muke sanin wasu abubuwan da ake yi a zamaninsa. Wanda ya rubuta Tarihin Kano da Larabci Musulmi ne, amma bai tsallake Barbushe da Tsumburbura ba, kuma ba don shi ba da ba mu san abin da Wangarawa suka tarar a Dala zamanin Sarki Yaji ba. Nana Asma'u ma, da ta kafa tsarin 'yan taru don ta janye matan karkara daga bori, sanin da ta yi wa abin ne ya ba ta nasara: ta fahimci cewa mata suna samun shugabanci da taro da waƙa a wurin Inna ta Gobir, shugabar masu bori, da magajiyoyi, sai ta naɗa shugabanni mata da ake kira jaji ta ba su malfa, ta ba su waƙoƙin da za su maye gurbin waɗancan. Mai wa'azin da bai san abin da yake hanawa ba, ihu kawai yake yi bayan hari.

Akwai wata hujjar da ta fi wannan ƙarfi, wadda masu bori da masu ruƙiyya suka haɗu a kanta ba tare da sun shirya ba: kiɗan kansa kira ne. In aka kaɗa taken iska, in ji su, to an gayyato shi, ko a fage ko a cikin na'ura. Ko mutum ya yarda da haka ko bai yarda ba, duk wanda ya san yadda 'yan mata ke faɗuwa a makarantun kwana tun shekarun 1990 ya san ba abin wasa ba ne a saki irin wannan sauti a gidan rediyo da rana tsaka. Amsar ita ce rumbun ajiya daban yake da gidan rediyo. Ana iya naɗar abu a ajiye shi a ɗakin karatu na jami'a, ba mai saurara sai mai bincike da ya nemi izini, kamar yadda ake yi da takardun sirri na gwamnati. Rashin rumbun ma bai hana abin yawo ba. Guntayen bidiyon bori suna zagayawa a wayoyin matasa, ba bayani, ba sunan makaɗi, ba sunan gari, sai dariya da tsinuwa a ƙarƙashi. Abin da ya rage mana zaɓi a kai shi ne ko za a sami cikakken bayani a wani wuri mai mutunci, ko kuwa waɗannan guntaye ne kaɗai za su wanzu.

Jami'an al'adu kuma za su ce ai suna yi, tunda ƙungiyoyin rawa na jihohi sukan nuna abin da suke kira rawar bori a bukukuwan al'adu na ƙasa. A ganina wannan ya fi rashin yin komai muni. Ana ɗauko matasa masu albashi, a shafa musu farar ƙasa, su zazzaro ido su yi ta birgima na minti biyar, a tafa musu. Babu taken kowane iska a ciki, babu kirari, babu bambanci tsakanin tafiyar Ɗan Galadima da ta Kuturu. Malamai suna ganin an tallata shirka da kuɗin gwamnati, masu abin suna ganin an yi musu ba'a, ɗalibi kuwa bai ƙaru da komai ba, sai ma ya tafi da tunanin cewa kakanninsa mahaukata ne. In ana son wani abu ya hau dandamali, to ga kiɗan kansa a matsayin sana'a. Garaya da goge da buta da ƙwarya ba na iskoki kaɗai ba ne; da garaya ake yi wa maharba take, da goge ake biki. Sa'adu Bori na Maraɗi ya ɗauki salon ya sa shi cikin kiɗan zamani, faifan da ya yi da Musa Fusi a 1994 ya kai har Turai. A Maroko, kiɗan Gnawa, wanda zuriyar bayin da aka kwasa daga ƙasashenmu suka riƙe, yana da bikinsa na shekara-shekara a Essawira tun 1998, ya kuma shiga jerin UNESCO a 2019, a ƙasar da sarkinta ke amsa sunan Amirul Muminina. A Tunis har yau masu kiɗan Stambali suna rera baitocin da ke ɗauke da kalmomin Hausa waɗanda da yawansu ba su san ma'anarsu ba. Ko ya dace a bi wannan hanya a Jigawa, magana ce da malamai da sarakuna da makaɗan za su yi a tsakaninsu nan gaba. Amma ba za a yi ta ba in babu abin da aka ajiye.

Abin takaici shi ne yawancin abin da aka sani a rubuce game da bori baƙi ne suka rubuta shi, da harsunansu, kuma yana ƙasashensu. Tremearne ya fitar da littafinsa a 1914, kuma mafi yawan abin da ke ciki daga Hausawan Tunis da Tarabulus ya samo shi. Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, littafinsa ya fito a 1946. Baba ta Karo ta ba Mary Smith labarin yadda matan aure ke yin bori a cikin gida, aka buga a 1954. Fremont Besmer ya bi makaɗan Kano, ya kuma rubuta yadda aka yi wata girka a garin Ningi, maƙwabciyar Gwaram da Birnin Kudu, kafin littafinsa na 1983. A Nijar akwai aikin Nicole Echard a Adar da na Adeline Masquelier a Dogon Dutsi. An gode musu, amma kowannensu ya zo da tambayoyin da suka dami jami'arsa, kuma kunnen baƙo ba ya kama habaici da zambo da ke cikin kirari kamar kunnen ɗan gida. Jigawa tana da wata matsalar ta daban: an cire ta daga Kano ne a ranar 27 ga Agusta 1991, don haka duk abin da aka tattara kafin nan da sunan Kano aka tattara shi, kuma idon masu bincike ya fi karkata ga birni da kewayensa. Masarautar Dutse kuwa tana kan iyaka ne, inda Hausawa da Fulani suka haɗu da Warjawa da sauran mutanen duwatsun Ningi. Irin wannan wuri shi ne inda ake sa ran samun salon da ba a samu a cikin ganuwar Kano ba.

Wani zai ce bori ba abin tausayi ba ne, akwai damfara a ciki, akwai cin kuɗin marasa lafiya, akwai matan da aka hana zuwa asibiti aka yi ta yi musu turare har ciwo ya ci ƙarfinsu, ga kuma daɗaɗɗiyar alaƙarsa da gidajen karuwai. Duk haka ne, kuma rumbun kirki dole ya ƙunshi wannan ma, da bakin waɗanda abin ya cuta da na waɗanda suka tuba suka bari. Tubabbun ma su ne za su fi ba da bayani ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Akwai kuma amfanin da likitoci za su samu. Har gobe akwai matar da za ta zo asibiti a Dutse ko Jahun da shanyewar hannu ta ce iskar da ake kira Inna ce ta taɓa ta, ko a kawo yaro mai farfaɗiya a ce iska ne. Ma'aikacin lafiyar da ya san yadda mutanensa ke rarraba cututtuka da sunayen da suke ba su ya fi iya shawo kansu su sha magani a kan wanda zai yi tsaki ya ce jahilci ne.

Saura maganar kuɗi, a jihar da ambaliya ke cinye gonaki kusan kowace damina, yara da yawa kuma ba sa makaranta. Aikin da ake magana a kai bai kai kuɗin kilomita ɗaya na kwalta ba. Na'urar naɗar sauti ce da kyamara, da ɗalibai masu neman digiri na biyu daga Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa, da malamin da zai duba aikinsu, da ɗan abin hasafi ga tsofaffin da za su ba da lokacinsu. Abin da ya fi kuɗin wuya shi ne amana. Mutanen nan sun daɗe suna ɓuya, suna tsoron Hisba da bakin maƙwabta, kuma ba za su buɗe baki ga wanda ya zo da motar gwamnati ba sai sun tabbata ba za a yi amfani da maganarsu a kama su ko a tozarta 'ya'yansu ba. A nan ne masarauta take da rawar takawa, domin dagaci da mai unguwa sun san gidan kowane tsohon makaɗi da kowace tsohuwar magajiya, kuma kalmar hakimi ta fi takardar ma'aikatar al'adu nauyi a ƙauye. Sai a yi yarjejeniya a rubuce: wanda ya so a sakaya sunansa a sakaya, wanda ya ce kada a saki muryarsa sai bayan ransa a cika masa, kuma a ba iyalinsa kwafin abin da aka naɗa. A sa malaman addini cikin kwamitin tun daga farko, su ga abin da ake yi da idonsu, su faɗi iyakar da suke ganin kada a ƙetare.

Nijeriya ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kan al'adun da ba a taɓawa da hannu tun 2005, kuma yarjejeniyar ta ɗora wa kowace ƙasa nauyin yin ƙidayar irin waɗannan al'adu da ke cikinta, ko za a kai su jerin duniya ko ba za a kai ba. Daga Arewa, bikin kamun kifi na Argungu ya shiga jerin a 2016, hawan sallar Kano ya bi baya a 2024. Su waɗannan suna da sarakuna da gwamnoni a bayansu, ba sa cikin haɗari. Masu garayar bori ba su da kowa, 'ya'yansu sun koma acaba da kasuwa da makarantar Islamiyya, kuma ba wanda zai zarge su da hakan. A fara da ƙananan hukumomi bakwai na masarautar Dutse, a bi su gunduma-gunduma da rani, lokacin da tsofaffi ke zaune a gida, a fara da wanda ya fi kowa tsufa.